Doka ta kama baki, ta bar ɓarawo

Ranar 3 ga watan Yulin 2019 Nijar ta samu dokar yaƙi da laifukan intanet. Jama'a suka zaci an yi wa dukiyarsu shinge. Amma shari'ar da ta fi yin amo ƙarƙashin wannan doka ba ta ɓarawon banki ba ce: a watan Yunin 2020 aka tsare ƴar jarida Samira Sabou a gidan kason Yamai saboda rubutun da ta yi a Facebook. A 2022 aka soke hukuncin ɗauri kan ɓata suna, a watan Yunin 2024 aka maido da shi. Hukuma na gadin sunan manya dare da rana, wa ke gadin asusun talaka?

Ɓarayin kuwa sun riga sun iso. A watan Nuwamban 2022 kamfanin Group-IB tare da Orange suka fallasa wani gungu mai magana da Faransanci, OPERA1ER, wanda ya sace aƙalla dalar Amurka miliyan 11 daga bankuna da kamfanonin sadarwa tsakanin 2018 da 2022. Nijar na cikin ƙasashen da aka lissafa. Makaminsu wasiƙar ƙarya ce da ake aika wa ma'aikaci, ya buɗe ta da hannunsa, su shige cikin kwamfuta su kwanta watanni suna nazarin yadda kuɗi ke fita kafin su kwashe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kowace sana'a da irin nata tsagin. A watan Mayun 2017 cutar kwamfuta WannaCry ta kulle na'urorin asibitocin Ingila, aka soke ganin likita kusan 19,000, alhali maganin ɓarakar ya fito tun watan Maris, ba a sanya shi ba. A watan Yulin 2021 aka kai wa Transnet hari a Afirka ta Kudu, aikin kwantena ya tsaya cik a tashar Durban. Ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram wanda kayansa ba sa fita sai na'urar duwan ta amsa ya san abin da kwana guda na jira ke ci masa. Ma'aikacin Tawa ma ya san halin da gidansa zai shiga in rajistar albashi ta kulle ranar 28 ga wata.

Wasu shugabannin ma'aikatu na fakewa da cewa wannan aikin masu kuɗi ne. Su dubi Maersk, babban kamfanin jiragen ruwa, wanda harin NotPetya ya ci wa kusan dalar Amurka miliyan 300 a 2017. Abin da ya tsamo shi kwafi guda ne da ya tsira a wani ofishinsa, domin wuta ta ɗauke a can lokacin harin. Ƙasar da ɗaukewar wuta ta zame mata abincin yau da kullum kada ta ɗauki wannan sa'a a matsayin shiri.

Shirin gaskiya ba ya buƙatar taron ƙara wa juna sani a otel da kuɗin zama. Kowane banki, asibiti, ofishin haraji da kamfanin aika kuɗi ya rubuta abin da in ya tsaya aiki ya tsaya. Ya ajiye kwafin bayanansa a wurin da ba ya haɗe da intanet, ya riƙa gwada shi. A daina raba kalmar sirri guda tsakanin darakta da sakatare da ɗan koyo, a rufe ta wanda ya bar aiki ranar da ya tafi. Kada babban kuɗi ya fita sai da amincewar mutum biyu. A san wanda za a kira da tsakar dare, da yadda za a ci gaba da takarda da biro kafin na'ura ta farfaɗo.

Ƴan kasuwa da ƙungiyoyin ƙwadago na da haƙƙin su tambayi bankin da ke riƙe da kuɗinsu: ina shirinku, yaushe kuka gwada shi? Daraktan da ya kasa amsawa, shi ya kamata doka ta fara nema.