GONA DA DAWA: Sa'ad Da Amya Ta Fi Fure Yawa

A cikin tekun Atilantika, daura da gaɓar Maroko, akwai wani tsibiri na ƙasar Sifen wanda ake kira Tenerife. A tsakiyarsa akwai Dutsen Teide, wanda tsayinsa ya zarce mita 3,700, ba kuwa dutsen da ya kai shi a duk ƙasar ta Sifen. Tun cikin shekarar 1954 hukuma ta keɓe dajin da ke kewaye da dutsen, ta mai da shi gandun da doka ta tsare, ta kuma hana makiyaya shiga da awakinsu don tsirran wurin su farfaɗo. Amma akwai dabbar gida guda ɗaya wadda dokar ba ta taɓa ba, watau ƙudan zuma. Kowace shekara, da zarar sanyi ya wuce tsirrai sun fara fure, sai masu kiwon zuma su hau dutsen da akwatunansu, wani lokaci har amya 2,700, su jibge su, ba za su kwashe ba sai fure ya ƙare.

Shekara da shekaru ba wanda ya ga aibin wannan. Ai ƙudan zuma ba ya cin ganye, ba ya tattake shuka, kowa kuma ya san shi da taimakon fure wajen barbara. Sai da wani masani mai suna Alfredo Valido da abokan aikinsa suka shafe damina uku a gandun suna ƙidayar duk abin da ya sauka a kan fure, kafin a kawo amya da kuma bayan an kawo, sa'an nan aka ga ɗaya gefen al'amarin. Rahotonsu ya fito a 2019. Da amya ta iso, ire-iren ƙwarin dawa masu ziyartar furanni suka ragu, haka ma tsuntsaye da ƙadangarun tsibirin waɗanda su ma sukan lashi ruwan fure. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne, wasu tsirran da ƙudan zuma ya fi yi wa rubdugu sai suka koma ba da 'ya'yan iri kaɗan a cikin kowane kwanso. Baƙon da aka ce ya zo taya aiki ya kori masu gida, aikin kuma bai fi kyau ba.

Don a fahimci dalilin haka, dole ne a san cewa abin da Bahaushe ke kira ƙudan zuma iri ɗaya ne rak a cikin dangi mai girman gaske. Masana sun ƙidaya kimanin iri 20,000 na wannan dangi a duniya, galibinsu kuwa ba su yin zuma, ba su da sarauniya, ba su da runduna. Uwa ɗaya ce takan haƙa ɗan rami a ƙasa, ko ta huda busasshen icce, ta tara ƙurar fure, ta yi ƙwai a kai, ta toshe, shi ke nan. Kiwonta sau da yawa ba ya wuce mita ɗari-ɗari kaɗan daga bakin raminta. Amya guda kuwa mai ƙarfi tana iya ɗauke da ma'aikata 40,000 ko fiye, suna tafiyar kilomitoci, wanda ya ga abinci kuma ya komo ya yi wa 'yan'uwansa wata irin rawa mai nuna musu hanya, su fita gaba ɗaya. Sarkin yawa, an ce, ya fi sarkin ƙarfi. To ina ga wanda ya haɗa yawa da labari? Wasu masana biyu na Amurka, James Cane da Vincent Tepedino, sun yi lissafi a 2017 cewa ƙurar furen da amya ɗaya ke kwashewa cikin wata uku ta isa ta ciyar da 'ya'ya 100,000 na waɗancan masu zaman kaɗaici.

A kudancin Faransa, a wani daji mai ƙaramar shuka kusa da birnin Marsai, Mickaël Henry da Guy Rodet sun auna abin da ke faruwa a kewayen wuraren da aka tara amya da yawa, suka buga sakamakon a 2018. Yawan ƙudajen dawa ya faɗi da kashi 55 cikin 100, abin da suke samu na ruwan fure kuma ya ragu da rabi. Matsin yana kaiwa mita 600 zuwa 1,100 daga inda amyar take. A nan ne kuma akwai abin da ya kamata mai kiwon zuma ya buɗe kunne ya ji, gama ba 'yan dawa kaɗai suka sha wuya ba: su kansu ƙudajen amya ruwan furen da suke komowa da shi ya ragu da kashi 44 cikin 100. Dambu ne ya yi yawa, bai ji mai ba. Mutum ya ƙara akwati yana zaton ya ƙara zuma, alhali kuwa tuwon nan ɗaya ne yake ta ƙara wa hannuwa.

Ga kuma cuta. Inda ake tara dabba da yawa wuri guda, nan annoba take samun gindin zama, ko kaji ne ko shanu. A 2014 wani bincike da aka yi a Birtaniya ya tarar da cutar nan mai naƙasa fikafikan ƙudan zuma, wadda wata 'yar mitsitsiyar kaska mai suna Varroa ke yaɗawa a amya, a jikin manyan ƙudajen dawa masu gashi. Fure ɗaya suke sha, kamar rijiyar gari.

Yaya aka yi har amya ta yi yawa haka a ƙasashen Turawa? Cikin shekarar 2006 masu kiwon zuma a Amurka suka fara kukan cewa ƙudajensu suna watsewa suna barin akwati wayam. Labari ya game duniya, jaridu suka yi ta cewa ƙudan zuma zai ƙare, abinci kuma zai bi shi. Mutanen kirki suka tashi haiƙan, kamfanoni da otal-otal suka dinga ɗora amya a kan rufin benaye a London da Faris, kowa yana ganin ya yi sadaka. A birnin Montiriyal na Kanada amya ba ta kai 250 ba a 2013, amma kafin 2020 ta doshi 3,000. Niyya ta yi kyau, sai dai an yi kuskuren majinyaci. Ƙudan amya dabbar gida ce mai ubangiji, idan ta mutu a raba wata a mayar; lissafin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ma ya nuna yawan amya a duniya ƙaruwa ya yi ta yi tun daga 1961. Waɗanda ke ɓacewa a ɓoye su ne marasa ubangiji. Wanda ya ji ana cewa barewa da gada suna ƙarewa a dawa, ya tafi kasuwa ya sayo awaki ya saki a dajin, bai ceci barewa ba, ciyawarta ya rage mata.

Wani zai ce, to mene ne abin damuwa, tun da ƙudan amya zai iya yin barbarar shi kaɗai? Ba zai iya ba. A 2013 Lucas Garibaldi da wasu masana masu yawa suka tattara bayanin gonaki 600 daga sassan duniya, suka ga ziyarar ƙwarin dawa tana sa fure ya zama ɗa ninki biyu na abin da ziyarar ƙudan amya ke yi. Akwai ma furannin da ba ya iya buɗe su sam. Tumatir da gauta da yalo suna riƙe ƙurarsu a cikin ɗan bututu, sai ƙwaron da ya iya kama furen ya girgiza shi da ƙugin jikinsa, irin baƙin nan mai huda azara. Koko na kudancin ƙasar nan wasu 'yan ƙananan ƙudaje ne da ido da ƙyar yake ganinsu ke yi masa aiki. Kuka da ɗorawa kuwa da dare suke buɗe fure, jemage ne babban baƙonsu. Kwakwar manja ta Malesiya da hannu ake yi mata barbara, sai a 1981 da aka kai wani ɗan ƙwaro daga Kamaru ya ɗauke wa leburori aikin.

A nan Afirka maganar tana da wata fuska, bai kuma kamata a kwaso hukuncin Turai a ɗora mata ba tare da an duba ba. Amurka sai a 1622 aka kai mata ƙudan zuma, Ostireliya kuwa a 1822, saboda haka can baƙo ne na sosai. A nan ɗan gida ne, tare ya tashi da galla da rakuwa da malam-buɗe-littafi, akasarinsa ma har yanzu a kogon itace yake, ba a akwati ba. Manomin da ya saƙa amyar ciyawa ya rataya a kan ɗorawa bai ƙara ƙuda ko ɗaya a daji ba. Ɗaki ya ba rundunar da dā ma tana yawo tana neman masauki. A Burkina Faso, binciken da Katharina Stein ta jagoranta ya nuna a 2017 cewa ƙudan zuma da na dawa tare suke aiki a gonakin auduga da riɗi, inda barbararsu ta ƙara nauyin auduga da wajen kashi 62 cikin 100, ta kuma ninka riɗi sau uku.

Amma fa lissafin yana sakewa ran da aka sauke akwatunan zamani hamsin ko ɗari a fili ɗaya, ana ba su ruwan sukari da rani don kada su gudu, a dajin da masu gawayi suka riga suka cinye kaɗanyarsa, maganin feshi kuma ya share ciyawar gefen gona. Hukumomi da ƙungiyoyin da ke rarraba amya ga matasa da mata don su sami abin yi, aikin alheri suke yi, zuma kuma kuɗi ce. Sai dai ƙidayar akwati kaɗai suke kawowa a rahoto. Kamata ya yi malamin gona ya fara zagaya kilomita guda a kewayen wurin, ya ƙirga kaɗanya da ɗorawa da mangwaro da gawo, ya san wanne ke fure a wane wata, kana ya faɗi akwati nawa wurin zai ɗauka. A raba su rukuni-rukuni da tazara mai nisa a tsakani, a bar wani yanki na kurmi ba amya ko ɗaya, a kuma ƙyale busasshen kututture da gaɓar rafi da tsohuwar katanga inda masu zaman kaɗaici ke haƙa ramukansu. Feshin magani kuwa, in ya zama dole, a yi shi da almuru bayan ƙudaje sun koma gida.