MATATTU UKU, RAYAYYA ƊAYA: INA LAIFIN BAKANIKE?

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, yau kuwa sai mun amayar da ita. A hutun da ya wuce, mu 'yan ƙasar Yawuri mun baro babbar hanyar da ta taso daga Kwantagora ta nufi Yelwa, muka doshi Ngaski da Wara a cikin wata tsohuwar Peugeot mai injin dizal, wanda direbobi ke ce wa gas. Jikinta na wata mota ne, injinta na wata ne, aksul ɗinta na baya kuwa daga wata akori-kura aka ciro shi. Motoci uku suka mutu kafin ita ta rayu. Wani abokin karatunmu ya dube ta ya kece da dariya, ya ce wannan ai gwangwani ne, da shi ne hukuma da tuni ya hana irinta hawa titi. Da a ce shi kaɗai ke faɗin haka da mun ƙyale shi. To, amma mun sha jin wannan magana a bakin ɗalibai da ƙananan ma'aikata, don haka dole mu tanka.

Da farko muna tambaya: idan an hana ta, me zai maye gurbinta? An kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, aka tashi mutane wajen dubu 44 daga garuruwa da tsibiransu, aka sake musu matsuguni, domin birane su sami lantarki. Fiye da shekara 50 ke nan, amma har yanzu akwai ƙauyukan bakin tafkin, a Ngaski da Shanga, waɗanda hanyarsu yashi ce da rani, taɓo da damina. Kifin Sarkawa, da albasar Gungawa, da dawa da shinkafar Kambari, duk ba sa tashi sama su je kasuwa. Albasa ba ta jiran a gyara hanya, mai naƙuda ma ba ta jira. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo. Wane manomi ne, ko wane direban ƙauye, zai iya sayen sabuwar mota? Wanda ya raina tsayuwar wata, ai sai ya hau ya gyara.

Na biyu, wa ya jefa mu cikin wannan hali? Ba bakanike ba ne. A 1975 aka soma haɗa Peugeot a Kaduna da Volkswagen a Legas, daga baya aka kafa Steyr a Bauchi, da masana'antar manyan motocin Fiat a Kano, da Leyland a Ibadan, da ta Mercedes a Inugu. An yi mana alkawari cewa sannu a hankali kayan haɗin za su koma na gida. Ba su koma ba. Da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, sai yawancin masana'antun nan suka durƙushe, ƙasa ta koma sayen tsofaffin motocin Turai ta hanyar Kwatano. Masu takardun shaida ne suka tsara duk wannan, ba masu baƙin mai a hannu ba. Da suka gaza, wanda ya hana ƙauye tsayawa cik shi ne mutumin nan da ke kwance ƙarƙashin mota a gindin darbejiya, mai zuwa Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano ya tsinto abin da wasu suka zubar.

Masu dariya sun ɗauka aikin nan ba ya bukatar ilmi. Bari mu ɗauki abu guda kawai, wato zaɓen aksul ɗin baya, mu gani. A tsakiyarsa akwai wani abu mai kama da tulu, a ciki akwai ƙarafa biyu masu haƙora. Ƙaramin, farfela ke juya shi. Shi kuma ya juya babban, babban ya juya tayoyi. Idan babban yana da haƙori 35, ƙaramin yana da 9, to sai farfela ta juya sau 3.89 kafin taya ta juya sau ɗaya. Idan kuwa 39 ne da 8, lissafin ya zama 4.875. Kamfanoni ba da ka suke zaɓen wannan ba. Dubi Mercedes W123 da aka soma sayarwa a 1976: jiki iri ɗaya ne, amma 200D mai ƙaramin inji an ba ta 3.92, 240D aka ba ta 3.69, 300D mai babban inji kuwa 3.46. Wato iya ƙarancin ƙarfin inji, iya yawan juyin da ake ara masa.

Yanzu sai mu buga lissafi. A ce kewayen taya mita 2 ne, mota tana giya ta huɗu, inda farfela ke juyawa daidai da inji, inji kuma yana juyi 3,000 a minti ɗaya. Da aksul mai 3.89, taya za ta juya sau 771 a minti, mota ta yi gudun kusan kilomita 93 a awa. Da mai 4.875, taya za ta juya sau 615, gudun ya sauko zuwa kilomita 74. An yi asarar gudu, amma ƙarfin da ke isa ƙasa ya ƙaru da kashi ɗaya bisa huɗu. Ga motar da za ta ja buhunan albasa ta fita daga yashin fadama, wannan ƙarin shi ne bambancin isa kasuwa da kwana a daji. Amma idan aka hau da ita kwalta aka ce sai ta yi kilomita 100, injin zai haura juyi 4,000, alhali tsofaffin injunan dizal irin waɗannan sun fi jan kaya tsakanin juyi 2,000 da 2,500. Sai ta sha mai, ta yi zafi, ta tsufa da wuri. Idan kuma aka sa wa motar lodi aksul mai ƙaramin lissafi, to kuloci ne zai biya bashin, domin kullum sai an ƙona shi kafin ta tashi. Ashe ba a tambayar wane aksul ya fi kyau. Abin tambaya shi ne: wace hanya motar za ta bi, da wane nauyi? Wannan ba ilmi ba ne? Mu nawa ne a cikin masu dariyar za su iya amsawa?

To, amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ba mu zo yi wa kanikawa bambaɗanci ba, su ma da nasu laifin. Da yawa suna sa aksul ɗin da ya samu ne kawai, ba su san lissafinsa ba, alhali saninsa ba shi da wuya ko ba a kwance shi ba: a ɗaga taya ɗaya ta baya da jak, a sa mota a firi, a yi alama da alli a jikin taya da farfela, a juya tayar sau biyu cif, yawan juyin da farfela ta yi, shi ne lissafin. Wasu sukan haɗa babban ƙarfe na wata mota da ƙaramin na wata, alhali tun daga masana'anta tare aka goge su, ba a raba su. In an raba sai kuka, sai karyewar haƙori. In an sauya aksul, maleji ya koma yi wa direba ƙarya. Mafi muni kuwa shi ne birki. Injin fetur da kansa yake zuƙe iskar da ke sauƙaƙa taka birki, amma na dizal sai da wani famfo na musamman. Wanda ya ɗora injin dizal a jikin motar fetur ya manta da famfon nan, ya saki mota mai taurin birki, ga shi injin ya fi na da nauyi. A kan wannan sai a zo a yi lodin da ya wuce kima. Mu mutanen Wara ba ma bukatar a yi mana wa'azi a kan lodi. Ba mu manta da jirgin ruwan da ya nutse kusa da garinmu ranar 26 ga Mayu, 2021 ba, da ɗimbin rayukan da suka salwanta. Abin da ya nutsar da jirgi a ruwa shi ke kifar da mota a tudu.

Saboda haka laifin da muke gani ba na haɗa motoci ba ne, na haɗa su cikin duhu ne. Wa kuma ya bar su cikin duhun? Mu ne. Talaka ya biya haraji an koya mana lissafi, mun ɓoye shi a cikin littafi muna jiran ranar jarrabawa. A ƙasar Filifin, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, daga tsofaffin motocin da sojan Amurka suka bari aka ƙera motocin haya. A Japan, a 1946, Soichiro Honda da ɗaura ragowar ƙananan injunan soja a jikin kekuna ya fara. Su ba su yi wa nasu dariya ba, sai suka ɗora ilmi a kai.

Ga abin da muke nema. Ɗaya, Ƙungiyar Ɗalibai ta sa 'yan sashen injiniya su tattara lissafin aksul da na giya na motocin da suka fi yawa a karkararmu, a buga ɗan littafi da Hausa, a raba a gareji-gareji daga Yelwa har Wara. Biyu, masu zuwa koyon aiki a lokacin hutu su daina rububin ofisoshi masu sanyi, wasu su je gareji, su koyar su kuma koya. Uku, jami'an duba lafiyar motoci su mai da hankali ga birki da taya da nauyin kaya, kada aikin ya tsaya ga takarda. Huɗu, hukumomi su gyara hanyoyin bakin tafki, domin mugunyar hanya ita ce uwar duk wannan wahala.

Ku kuma ƙananan ma'aikata, ku tuna gobe ku ne masu sa hannu a kan dokoki. Kafin ku hana gwangwani hawa titi, ku tambayi kanku a cikin me aka kai kifin da aka sayar aka biya muku kuɗin makaranta. Allah ya sa mu gane, amin.