Gubar da Ba Ta da Suna a Hausa

Bahaushe ya san ƙarafa tun kaka da kakanni. Ya raɗa wa zinariya da azurfa da tagulla da kuza da dalma suna, ya kuma san amfanin kowanne. Amma akwai wani ƙarfe da ke shiga cikinmu kullum wanda ba mu da kalmarsa, sai dai mu ari ta Turawa mu ce nikel. Ra'ayina shi ne, abin da al'umma ba ta iya ambata ba, da wuya ta iya kare kanta daga gare shi, kuma malamin Hausa yana da alhaki a wannan lamari.

Nikel farin ƙarfe ne mai sheƙi, wanda ake gaurayawa da wasu ƙarafa don yin tukwane da cokula marasa tsatsa, ake kuma sa shi a wasu batura da 'yan kunne masu araha. Allah ya halicce shi a cikin ƙasa, don haka tsirrai na tsotsar sa ta saiwa. Wake da waken soya da gyaɗa da garin cakulan suna cikin abincin da ya fi ɗauke da shi. Ɗan kaɗan ɗin nan ba ya cutar da yawancin mutane; matsalar tana tasowa ne idan ya yi yawa. A shekarar 2020 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ƙayyade mikrogiram 13 a rana ga kowane kilo na nauyin jikin mutum. Ke nan mai nauyin kilo 60 bai kamata ya wuce mikrogiram 780 ba, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na giram ɗaya. Ta dogara ne da gwaje-gwajen da suka nuna yawan nikel yana jawo ɓarin ciki ga dabbobi. Haka kuma wanda jikinsa ba ya son wannan ƙarfe, irin mai yin ƙuraje da ƙaiƙayi idan ta sa ɗan kunne, cin sa a abinci na iya tayar masa da ciwon fata.

To, ina ruwan mutumin Zariya? Duk wanda ya bi bakin Kubanni da rani, daga Samaru har ya gangara Sabon Gari, zai ga lambunan alayyafo da latas da kabeji da tumatir shar da su. Ruwan da ake ba su shi ne wanda ya kwaso dattin kwatami da na juji, inda ake zubar da matattun batura da baƙin mai da tarkacen ƙarfe. Masana a Jami'ar Ahmadu Bello sun daɗe suna auna ƙarafa masu guba, har da nikel, a ruwan wannan kogi da ƙasar bakinsa. Wanke ganye yana kawar da ƙurar da ke samansa, amma ba ya fitar da abin da ya riga ya shiga ta saiwa. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta kashe ƙarfe. Ita ma tukunya marar tsatsa takan saki nikel idan an daɗe ana dafa abu mai tsami kamar tumatir a cikinta, musamman tana sabuwa.

Wani zai ce wannan tsoratarwa ce kawai, tunda ba a taɓa jin wanda latas ya kashe ba, kuma manomin lambu da shi yake ciyar da iyalinsa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya: nikel bai kai dalma haɗari ba, kuma ba manomi ne ya ɓata kogin ba. Sai dai mu tuna da Zamfara. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega, inda ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, yara fiye da 400 suka rasu. Iyayensu sun san dalma, amma ba wanda ya gaya musu da harshensu cewa tana cikin ƙurar tsakar gidansu. Rashin sani ya fi dare duhu. Idan haka ta faru da ƙarfen da muka san sunansa, ina ga wanda ba mu sani ba?

Saboda haka, ya kai ɗalibin malanta, idan ka shiga aji kada ka taƙaita darasin Hausa ga nahawu da adabi. Sa kalmar nikel a darasin ƙirƙirar kalmomi, ka bar yara su tattauna ko a are ta ko a ƙirƙiro wata. Ba su insha'i a kan inda ganyen miyar gidansu ya fito, da inda mataccen batir yake ƙarewa. Yaron da ya fahimci wannan a Unguwar Gabas zai kai wa mahaifiyarsa labari kafin magariba. Ya kuma wajaba hukumomi su riƙa auna ruwan lambu, su bayyana sakamakon da Hausa a rediyo, su raba juji da bakin kogi, domin manomi ya ci gaba da sana'arsa, mai saye kuma ya ci da kwanciyar hankali. Ba a fafe gora ranar tafiya.