Dabbar da hawainiya za ta tsere wa

Ranar Asabar da ta wuce ina dawowa daga Samaru, na sauka a Ƙofar Doka na bi ta gefen ganuwa don in yanke hanya zuwa gida. Nan na tarar da yara huɗu sun kewaye wata hawainiya a gindin darbejiya, kowa da dutse a hannu. Ta kumbura, ta yi duhu, ta buɗe baki tana huci. Babban cikinsu ya ce, "Yaya, matsa baya, dafi gare ta." Na ce masa ba ta da dafi ko kaɗan, tsoro ne ya sa ta haka. Na miƙa mata kara ta hau, na ɗora ta a reshe. Yadda take ɗaga ƙafa tana rangaji kafin ta ajiye ya ba su dariya, har ɗaya ya rantse duk duniya ba abin da ya kai ta saiɓi. Na ce akwai, kuma na yi alkawarin kawo labarinta a wannan fili.

Ba a ƙasarmu take ba. A dazuzzukan Amurka ta Tsakiya da ta Kudu take, irin su Panama da Kwasta Rika da Burazil. Turawan Ingila suna kiranta sulot, ma'ana lalaci, masu jin Sifaniyanci ma malalaciya suke ce mata. Masana sun ba mai yatsu uku sunan Bradypus, wato mai jinkirin ƙafa. Nauyinta kamar kilo 4, kuma a tafiyarta ta yau da kullum ba ta cin fiye da mita 4 a minti ɗaya. Ku auna a filin makarantarku ku gani. Hawainiyar da aka tsorata za ta bar ta a baya.

Me ya sa? Abincinta ganye ne, ganye kuma ba ya ba jiki ƙarfi sosai. Akuya tana magance wannan da yawan ci da tuƙa. Ita ba ta da wannan damar, domin cikinta mai ɗakuna da yawa yana ɗaukar kwanaki, wani lokacin makonni, kafin ya narkar da abin da ta ci. Wanda kuɗin shigarsa kaɗan ne dole ya rage kashewa. Don haka naman jikinta kaɗan ne, zafin jikinta yana hawa da sauka tare da yanayi, takan hau ƙololuwar bishiya ta sha hantsi kamar ƙadangare. Faratanta uku dogaye masu lanƙwasa suna riƙe reshe kamar ƙugiya, sai ta rataya ba tare da wahala ba. Hatta barcin da ake yi mata gori a kai, da aka auna na waɗanda ke daji a Panama a 2008, sai aka samu awa 9 da rabi ne kawai a rana. Na san ɗalibai a ɗakin kwananmu da suka fi haka lokacin hutu.

Ga wani abin da zai yi muku amfani a darasin halittu. Kusan duk dabba mai shayarwa ƙashin wuyanta 7 ne: mutum 7, ɓera 7, raƙumin dawa duk tsawon wuyansa 7. Ita tana da 8 zuwa 10, shi ya sa take juya kai har digiri 270 ba tare da ta motsa jiki ba. Hawainiyarmu ta wata hanyar ta bi, kowane ido yana juyawa shi kaɗai. Dabbobin nan biyu ba dangi ba ne, ɗaya tana shayarwa ɗaya tana ƙwai, amma dabararsu ɗaya ce: ka ga kowa, kada kowa ya gan ka.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne gashinta. Gansakuka tana tsirowa a ciki har ta yi mata kore-kore, ta saje da ganye, gaggafa ta wuce ba ta lura ba. A cikin gashin kuma akwai wasu ƙananan ƙwari masu fiffike da ke zaune. Kusan sau ɗaya a mako takan sauko gindin bishiya ta yi bayan gida, abin da take zubarwa kan kai kashi ɗaya cikin uku na nauyinta. Ƙwarin sai su yi ƙwai a kashin, 'ya'yansu su girma su tashi su nemi wata su shige gashinta. A 2014 Jonathan Pauli da abokan aikinsa na Jami'ar Wiskonsin suka ce wataƙila ƙwarin suna ƙara wa gansakukar taki, shi ya sa take jure haɗarin saukowa. Ba duk masana suka gamsu da bayanin ba. Ni dai ya yi mini daɗi, amma daɗi ba hujja ba ne, kamar yadda malamanmu ke yawan tuna mana.

Haɗarin kuwa na gaske ne. A ƙasa ba ta iya tsayawa, jan ciki take yi, damisa ko kare ya iske ta shi ke nan. Idan aka sare daji aka raba bishiyoyi, dole ta tsallaka titi ko ta bi wayar lantarki. Ƙaramin irinta da aka ba suna a 2001 a tsibiri ɗaya tak yake rayuwa a gaɓar Panama, yana kuma dab da ƙarewa.

Wannan ya sa na sake tunanin hawainiyar ranar Asabar. Ita ma a bishiya take da tsaro, tana harbo ƙuda da fara da harshenta wanda ya fi jikinta tsawo. Macen kan sauko ta tona rami ta binne ƙwai, ko kuma ta sauko neman wata bishiyar idan an sare ta kusa. A lungunanmu na cikin birni, inda da akwai fili da shingen itatuwa yanzu bulo ne, tazarar da ke tsakanin bishiya da bishiya sai ƙaruwa take yi, kuma a cikin wannan tazarar take haɗuwa da ku.

Ranar Lahadi na koma gindin darbejiyar da ƙanena, muka ɗaga kai muna dubawa har wuya ya gaji. Ba mu gan ta ba. Ya ce ta gudu. Na ce ko kuma tana nan tana kallonmu da ido ɗaya.