Dokar Da Ba Ta Cikin Takarda

Kwanan baya wani abokina mai karatun lauya ya ce mini, cikin gadara, wai duk abin da ba a rubuta ba, ba doka ba ne, hirar tsofaffi ce kurum. Na ce ya zo mu tafi Maigatari ran Alhamis. Bai zo ba, don haka na ɗauko alƙalami.

Wanda ya san kasuwar nan ya san abin da nake nufi. Mutum ya koro shanu daga Dungas ko Magarya, ko ya taso da raƙuma tun daga bayan Damagaram, ya sauka wurin fatomansa. Fatoma ya ba shi makwanci, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa. A yi ciniki, a sallama, dillali ya karɓi la'ada, a loda shanu a mota bisa lamuni, kuɗi sai wata Alhamis. Ba sa hannu, ba hatimi. In kuwa aka ce sa na sata ne, wanda ya tsaya wa baƙon shi za a tuhuma. Mai saye ɗan Nijeriya, mai sayarwa ɗan Nijar, kuma dukkansu sun san hukuncin wanda ya ci amana: ba mai sāke tsaya masa a kara. To, malam lauya, wace majalisa ta zartad da wannan?

Mu dubi ta takardar. An kafa ƙungiyar ECOWAS a Legas cikin 1975. A 1979 aka sa hannu kan yarjejeniyar zirga-zirga ba tare da biza ba, a 1998 aka ƙara da ta makiyaya masu ƙetare iyaka. Madalla. Amma a Agustan 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta, ba a buɗe ta Maigatari ba sai Disamban 2020. Da sojoji suka yi juyin mulki a Yamai cikin Yulin 2023, ƙungiyar da kanta ta sa aka sāke rufewa, har Maris na 2024. A Janairun 2025 Nijar ta fice ɗungurungum. Duk wannan kai-da-komo bai yafe wa kowa bashin saniya ba, bai kashe aure ko guda tsakanin ƙasar Gumel da ta Damagaram ba, bai kuma canza abin da manomin Sule Tankarkar ko Gagarawa ya sani ba, watau burtali ba gona ba ne, kuma ba a sakin dabbobi sai an kwashe amfani. Inda aka keta wannan, nan ake zub da jini.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, kotun ECOWAS da ke Abuja ba a hana ta duban dokar da ba a rubuta ba. Yarjejeniyar 1991 da ta kafa ta ta ce ta yi aiki da tushen shari'a irin na Kotun Duniya, cikinsu har da al'ada da manyan ƙa'idojin adalci. Abokina zai ce al'adar gwamnatoci ake nufi, ba ta 'yan kara ba. Haka ne. Amma ya tuna abin da ake koya masa a aji: a 1970 kotun ƙasashen Turai da ke Lukzambur ta ce kare haƙƙin ɗan Adam yana cikin dokarta, alhali ba a rubuta shi cikin yarjejeniyarsu ba, ta ce daga gadon tsarin mulkin da ƙasashensu suka yi tarayya a kai ta tsamo shi. In Bature ya tsamo daga gadonsa, sai a ce hikima, a yi jarrabawa a kai. In an ce a tsamo daga namu, sai a murguɗa baki! Malaman Malikiyya kuwa sun daɗe da karɓar al'ada a zaman hujja, muddin ba ta saɓa wa nassi ba.

Kada wani ya zaci ina wanke kowace al'ada. A 2008 wannan kotu ta zauna a Yamai kan ƙarar Hadijatu Mani, wadda aka sayar a ƙasar Ƙonni tana da shekara 12, aka riƙe ta a zaman wahaya. Da sunan al'ada aka yi mata haka. Kotu ta ce bauta ce, ta ci gwamnatin Nijar diyyar sefa miliyan 10. Daidai ke nan. Amma ba a sheƙe hatsin da ba a tara ba, kuma alƙali ba zai zaɓi amana ya zub da wahaya ba sai an kawo masa su biyun a faifai.

Wa zai kawo? Mu ne, 'yan wannan ƙungiya. Kowace shekara muna cika kundaye da karin magana da kirarin 'yan dambe, ba laifi. Amma fatomomin da suka san yadda ake raba gardamar lamuni tsakanin sefa da naira suna tsufa. Daga Gumel zuwa Maigatari ba nisa, kuma hutu ya kusa. Ni dai na riga na sayi littafin rubutu.