Kada a Ba Direban Tirela Lasisi Sai Ya San Birkin Iska

Duk wanda ya saba sauraron labarai a ƙasar nan ya san yadda ake ba da bayanin haɗarin babbar mota, domin kusan kullum lafazin ɗaya ne: birki ya tsinke, mota ta ƙwace wa direba, ta afka wa jama'a. Daga nan sai a yi salati, a roƙa wa mamata gafara, a ce haka Allah ya ƙaddara, kowa ya koma harkarsa. Ba ni da ja game da ƙaddara, domin yarda da ita rukuni ne daga rukunan imani, amma ina da ja ƙwarai game da yadda muka mai da ita mafakar jahilci da sakaci, alhali kuwa birkin babbar mota, irin wanda ke aiki da iska, ba kasafai yake lalacewa farat ɗaya ba, yakan daɗe yana nuna alamu ga wanda aka koya wa karanta su. Saboda haka ra'ayina shi ne, bai kamata hukuma ta miƙa wa kowane mahaluki lasisin tuƙa tirela ko tanka ba, sai an zaunar da shi an jarraba saninsa game da wannan birki, sa'an nan an kai shi gaban mota ya nuna da hannunsa abin da ya faɗa da bakinsa.

Asalin wannan hikima daga jirgin ƙasa take. Wani Ba'amurke mai suna George Westinghouse ne ya yi rajistar ƙirƙirarta a shekarar 1869, bayan shekara uku kuma, a 1872, ya gyara ta ta yadda idan iska ta zube ko tarago ya ɓalle, birki zai kama da kansa maimakon ya saki. Wannan ƙa'ida ce aka bi har aka zo kan manyan motoci, tunda ƙafar ɗan Adam da man birki irin na ƙananan motoci ba za su iya tsai da lodin tan talatin ko arba'in ba. Injin mota ne ke juya kwamfireso, kwamfireso ya matsa iska ya tara ta a tankunan da ke rataye ƙarƙashin mota, idan direba ya taka birki sai iskar ta bi tiyo zuwa wasu ƙananan tukwane da ke kusa da tayoyi, ta tura sanda, sandar ta murɗa wani ƙarfe mai lanƙwasa, shi kuma ya ware lainin birki ya manna shi a jikin diram. Ma'anar wannan kuwa ita ce, direba ba ƙarfinsa yake kashewa ba idan ya taka birki, ajiyar iska yake kashewa, kuma kowace ajiya tana da iyaka.

Wannan iyaka a rubuce take a fuskar agogon iska da ke gaban direba, ga wanda ya san abin da allurar take nufi. A motocin Amurka irin su Mack, waɗanda suke da yawa a hanyoyinmu, ana lissafi da awon da ake kira psi, inda kwamfireso ke daina tura iska idan ta kai wajen 125, ya sake kamawa idan ta sauko wajen 100; motocin Turai irin su DAF da MAN da awon da ake kira bar suke lissafi, amma hukuncin ɗaya ne. Idan iska ta faɗi zuwa wajen psi 60, wajibi ne jar fitila ta kama ko ƙararrawa ta yi kuka, wanda ke nufin direba ya nemi gefen hanya nan take tun yana da sauran iko da motarsa, domin idan ta ci gaba da faɗuwa zuwa tsakanin 45 da 20, wani ƙaƙƙarfan sifirin da iskar ce take danne da shi tun farko zai saki ya damƙe tayoyi, ko a tsakiyar titi ne, ko a kan gada, ko da wata mota biye da shi. Akwai kuma jinkirin da ke cikin ɗabi'ar iska, wanda babu shi a birkin mai: daga taka birki zuwa kamawarsa ana cin wajen rabin daƙiƙa, wanda a gudun kilomita 88 cikin sa'a ya haura tafiyar mita 10 kafin lainin ya ko taɓa diram. Mutumin da ya ƙware a ƙaramar mota, aka ɗora shi a kan tirela ba tare da an sanar da shi wannan ba, zai riƙa bin motar gabansa kurkusa kamar yadda ya saba, ba kuwa zai gane kurensa ba sai a ranar da ganewar ba ta da amfani.

Wanda yake son ya ga bambancin direban da ya sani da wanda bai sani ba, to ya je wurin da tireloli ke kwana da asuba. Wanda ya sani, zai tayar da inji ya zauna yana kallon allura har ta cika, sa'an nan ya kashe injin, ya sa yaronsa ya saka weji, ya saki birkin ajiyewa, ya taka birki ya riƙe na minti guda yana duba ko allurar tana zamewa ƙasa, kunnensa kuma yana sauraren ko akwai inda iska ke tsiyaya. A ƙa'idar da ake koyarwa, idan kai da tirela suna haɗe, zubar da ta wuce psi 4 a minti ɗaya aibi ne da ke hana tafiya. Bayan haka yaron zai durƙusa ya ja zaren da ke gindin kowane tanki, sai ka ga wani ruwa fari-fari gauraye da baƙin mai ya feso a ƙasa, wanda shi ne gumin da iska mai zafi ke bari idan ta huce, musamman da damina. Ruwan nan idan aka bar shi kwana da kwanaki, yana cinye wurin da iska za ta zauna, yana sa tsatsa, yana kuma toshe bawul-bawul, ga shi kuwa zubar da shi bai fi aikin minti biyu ba. Wanda bai sani ba kuwa, da ya ji ƙararrawa ta dame shi sai ya sa a cire mata waya, idan wata tukunya ta fara yoyo a hanya sai a naɗe tiyonta a ɗaure da waya, a ci gaba da tafiya da ragowar tayoyin da ke da birki, ana cewa za a gyara in an sauke kaya.

Inda jahilcin nan ya fi kisa shi ne gangara. Direbobin da ke bin hanyar Jos zuwa Akwanga sun san Hawan Kibo, sun kuma san warin lainin da ya ƙone wanda ke tarar mutum a gindinsa. Birki yana tsai da mota ne ta hanyar mai da gudunta zafi, idan kuwa direba ya ɗora ƙafa a kansa tun daga saman tudu bai ɗaga ba, diram zai yi zafi har ya buɗe ya nisanci lainin, lainin kuma ya yi santsi, sai a wayi gari ga iska cike da tanki amma mota ba ta tsayawa, har shi sifirin ɗin da ake taƙama da shi ba zai yi ceto ba, tunda da wannan lainin da wannan diram ɗin yake aiki. Idan kuma ya riƙa taka-saki, taka-saki da sauri saboda firgita, zai zubar da iska fiye da yadda kwamfireso ke iya mayarwa. Abin da masana suka koyar shi ne a shiga babbar giya, wato ta ƙasa, tun kafin a fara sauka, a bar inji ya riƙe motar, birki ya zama mataimaki kawai, a taka shi da ƙarfi na ɗan lokaci har gudu ya ragu da wajen kilomita 8, a saki ya sha iska, in gudun ya dawo a sake takawa. Mafi munin al'ada kuwa ita ce sakin mota firi a gangara don a rage shan gas, domin a wannan hali inji ba ya riƙe komai, kwamfireso yana juyawa a hankali, kuma da zarar mota ta ɗauki gudu giyar ba za ta sake shiga ba.

Amurkawa, da suka ga irin wannan ɓarna a hanyoyinsu, sun kafa doka a 1986 wadda ta haɗa ƙa'idar lasisin manyan motoci ta zama ɗaya a duk jihohinsu, daga watan Afrilu na 1992 kuma ya zama dole kowane direban babbar mota ya riƙe irin wannan lasisi. A cikin jarrabawar akwai babi na musamman a kan birkin iska, wanda sai mutum ya ci kashi 80 cikin ɗari, bayan haka ya tsaya gaban mai jarrabawa ya yi gwajin nan na safe yana faɗin abin da yake dubawa. Wanda ya faɗi wannan babi, ko ya yi gwajin tuƙi da motar da ba ta da birkin iska, ana buga alama a lasisinsa cewa an haramta masa tuƙa mai birkin iska. Ban kawo su don komai nasu abin koyi ne ba, na kawo su ne domin motocin da suka gama yayinsu a can su ne muke saye mu ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu a nan, bai kuwa dace mu karɓi ƙarfen mu bar ilminsa a bakin teku ba.

A ranar 28 ga Yunin 2018 wata tanka ɗauke da fetur ta faɗi a gadar Otedola da ke Legas, wuta ta cinye motoci 54 da rayukan mutane, bayanin farko da aka bayar kuwa shi ne birki. Da gwamnatin jihar ta bincika sai ta bayyana cewa motar an ƙera ta ne don ɗaukar wajen tan 15, aka mai da ita tanka mai ɗaukar tan 30. A watan Satumba na 2020 irin wannan musiba ta auku a Felele, cikin Lokoja, inda mutane fiye da 20 suka ƙone, cikinsu har da ɗalibai. Babu birkin da aka yi don ya tsai da ninki biyu na nauyin da aka auna masa, kuma direban da aka karantar da shi wannan zai san tun daga daffo cewa abin da aka ɗora masa ya wuce ikon motarsa.

Malamanmu na fiƙihu ba su bar wannan babi a buɗe ba, ko da yake ba su ga mota ba. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, mahayin dabba da mai janta da mai kora ta duk suna ɗaukar lamunin abin da ta tattake, kuma kisan kuskure yana da diyya da kaffara, ba a cewa tunda ba da niyya aka yi ba shi ke nan. Idan wannan ne hukuncin mai jaki da mai raƙumi, to ina ga wanda ke jan lita dubu 33 ta fetur ta tsakiyar kasuwa? Sanin sana'ar da rayukan mutane suka rataya a kanta farilla ce a kan wanda ya shige ta, tawakkali kuwa yana zuwa ne bayan an riƙi sababi.

Na san za a ce da ni, tsofaffin direbobinmu ba su yi boko ba, amma sun fi injiniya sanin mota, kuma sabuwar jarrabawa ba za ta zama komai ba sai sabuwar ƙofar cin hanci. Maganar farko akwai gaskiya a cikinta, domin tarbiyyar da yaron mota ke samu a hannun maigidansa, shekara da shekaru yana saka weji yana kwance taya kafin a ba shi sitiyari, makaranta ce ta haƙiƙa, kuma ta fitar da gwanaye waɗanda da kunne kaɗai suke gane ciwon mota. Illarta ita ce yaro yana gadon daidai da kuskure a haɗe, idan maigidansa mai sakin firi ne shi ma haka zai tashi, ba kuma wanda zai tace masa. Maganin wannan shi ne a yi jarrabawar da baki, cikin Hausa ko duk harshen da direba ya fi ji, a gaban mota, a kuma rubuta ɗan littafin koyarwa da boko da ajami, a naɗi karatunsa a murya yadda za a saurara a waya. Magana ta biyu kuwa, tsoron hanci bai taɓa zama hujjar barin awo a kasuwa ba. Abin da ake yi shi ne a tsare awon, a sa wakilan ƙungiyar direbobi su zauna shaida a wurin gwaji.

Kada kuma a ɗora wa direba laifin duka, domin sau da yawa shi ne mai raunin murya a cikin lamarin. Mai motar da ke yanke masa kuɗin gas daidai wa daida har ya tilasta masa neman ragi a gangara, wanda idan aka ce masa lainin ya cinye sai ya ce a lallaɓa a kai wannan lodin tukuna, shi ma abokin tarayya ne a cikin alhakin. Amma direban da ke riƙe da shaidar cewa ya san ƙa'ida, wanda kuma ya san za a iya karɓe lasisinsa in ya saɓa mata, ya fi samun bakin cewa maigida, motar nan ba za ta tashi ba sai an gyara.

Kayan aikin duk muna da su. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana nan tun 1988, ta riga ta ware rukunin G na lasisi domin motoci masu jan tirela, tana kuma duba tankoki a daffo kafin a yi musu lodi. Ga jami'an duba lafiyar motoci a kowace jiha, ga Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya a Zariya, ga ƙungiyoyin NARTO da NURTW da reshen direbobin tanka na NUPENG, waɗanda maganarsu ta fi ta kowa shiga kunnen direba. Ina kira gare su da su haɗu su fitar da manhaja ɗaya ta birkin iska cikin harsunanmu, su sa cin jarrabawarta ya zama sharaɗin samun lasisin rukunin G da sabunta shi, su kuma fara da direbobin tankar mai.