Zaman Mutane a Duniya: Masuntan Emmonak da Kifin da Ya Rage Zuwa

Can ƙuryar arewacin Amurka akwai wata jaha da ake ce ma Alaska. Ƙasar sanyi ce ƙwarai da gaske. Wani babban kogi mai suna Yukon ya ratsa ta: daga Kanada ya taso, ya yi tafiyar kilomita fiye da 3,000, sannan ya zuba cikin tekun Bering. A bakin wani reshe nasa, kamar kilomita 16 daga teku, nan garin Emmonak yake. Mutanensa 800 ne da ƴan kai, galibinsu ƙabilar Yupik, waɗanda ke zaune a yankin tun kafin Bature ya san da shi.

Babu hanyar mota da ta kai garin. Sai ƙaramin jirgin sama, ko jirgin ruwa idan ƙanƙarar kogi ta narke, wato daga ƙarshen watan Mayu zuwa Oktoba. Tsohon garinsu sunansa Kwiguk. Ambaliya ta dinga cin gaɓarsa, sai suka tashi cikin 1964 da 1965 suka matsa arewa kaɗan.

A wannan ƙasa ba a shuka hatsi ko dawa. Kifi shi ne cimaka, kuma babbansa shi ne salmon. Halinsa abin mamaki ne. Cikin ruwan daɗi ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku ya yi shekaru yana girma, sannan ya juyo ya hau kogi har inda aka haife shi, ya zuba ƙwai ya mutu. Tun da ya shigo kogi ba ya cin komi, kitsen jikinsa ne guzurinsa. Shi ya sa wanda aka kama a bakin kogi, wajen Emmonak, ya fi kowane maiƙo. Iri biyu mutane suka fi dogara da su. Akwai babba da ake kira sarki, wanda a da yakan wuce kilo 20. Akwai kuma cam, wanda bai kai shi girma ba amma ya fi shi yawa nesa.

Watan Yuni da na Yuli su ne kakar garin. Lokacin nan rana takan yi awa kusan 20 ba ta faɗi ba, kuma ba mai zaman banza. Iyali kan tashi dukansu su koma zangon kamun kifi a gaɓar kogi. Maza su shiga kwalekwale su zuba taru. Mata su tsaya bakin teburi da wata wuƙa mai siffar rabin wata, sunanta uluaq, suna feɗe kifi suna tsaga shi dogo dogo. Yara su ɗebo ruwa da itace, su kori ƙudaje. A rataye kifin bisa sanduna ya sha iska, sannan a shigar da shi ɗakin hayaƙi a yi banda ta kwanaki da yawa. Aikin yana son ido: in wuta ta yi yawa kifi ya dafu ya lalace, in damshi ya yi yawa ya yi fumfuna. Yarinya takan yi shekaru kusa da kakarta kafin a yarda ta yanka sarki ita kaɗai. Abin da aka tara, shi za a ci har baɗi, ana tsoma shi cikin man wata dabbar teku mai kama da ayu. Kuma kafin gida ya cika ma'ajiyarsa sai an kai ma tsofaffi da gwauraye nasu.

To, wannan rumbu shi ne ya fara yoyo. Sarki ya soma raguwa tun wajen ƙarshen shekarun 1990. Bayan mummunan kamu na 2008, ƙanƙara ta rufe kogi da wuri ta tare jirgin mai, har cikin Janairu 2009 wani magidanci ya rubuta wasiƙa yana cewa gidaje na zaɓe tsakanin sayen abinci da sayen man ɗumama ɗaki. Amma 2021 ce ta fi muni. Hukuma na da wata na'ura a garin Pilot Station mai ƙidaya kifin da ke wucewa. Cam na farkon kaka, wanda aka saba ganin fiye da miliyan ɗaya da rabi, bai kai dubu 200 ba. Aka hana kama sarki, aka hana kama cam, ko na ci. Kamfanin Kwik'pak, mai sayen kifi a garin kuma mai ba samari aiki, ya rasa abin saye. Sai ga masunta, ƴaƴan masunta, suna jiran kifin taimako da aka ɗauko cikin jirgin sama daga wani yanki. Wanda ya taɓa tsayawa layin rabon hatsi a shekarar fari ya san ɗacin wannan.

Mene ne sanadi? Masana sun ce ruwan tekun Bering ya yi ɗumi fiye da kima tsakanin 2016 da 2019, ƙananan kifi suka rasa abinci mai kyau. Ruwan kogi ma ya yi zafi, ga wata cuta da ke kama zuciyar sarki tana kashe shi a hanya. Mutanen gari ba su musa ba, amma suna nuna wani abu da yatsa. Manyan jiragen kamfanoni na jan taru cikin teku don wani kifi dabam, suna haɗawa da dubban salmon bisa kuskure. Masana sun ce kason Yukon cikin wannan kaɗan ne. Ko da kaɗan ɗin ne, da wuya a gamsar da tsohuwar da aka hana ma kifi goma alhali jiragen ba su daina aiki ba. Kuma tun 1980 dokar Amurka ta ce idan kifi ko naman daji ya yi ƙaranci a filayen gwamnatin tarayya na Alaska, mutanen karkara masu nema don ci su ne kan gaba.

Cikin Afirilu 2024 hukumar kifi ta Alaska da ta Kanada suka sa hannu bisa yarjejeniya: a bar sarkin da ke hawa Kanada ya huta shekara 7, har 2030, wato tsawon rayuwar kifi guda, da burin a riƙa ganin 71,000 suna ƙetare iyaka kowace shekara. Dabara ce mai ma'ana, kamar manomin da ya ƙi cin irinsa. Sai dai shugabannin ƙabilu da yawa sun koka cewa ba a shawarce su ba. Kuma yaron da yake da shekara 8 a 2021 zai kai 17 a 2030, watakila bai taɓa ganin an cika ɗakin hayaƙi da sarki ba.

Mutane dai ba su naɗe hannu ba. A 2023 cam ya ɗan farfaɗo, aka yarda a kama shi da komar hannu, in sarki ya faɗo a sake shi da rai. An ƙara ƙarfi wajen farauta da tsinkar ƴaƴan itatuwan fadama. Lokacin sanyi kuma a huda ƙanƙara a zura taru don farin kifi, a kafa tarkon saƙa cikin ƙoramu don wani ɗan baƙin kifi da bai wuce tsawon tafin hannu ba. Sunansa da harshen Yupik imangaq, kuma daga gare shi garin ya samo sunansa.